Yadda ake gyara kamannin gidan injin mota ba tare da an cutar da injin ba

Malam, na karanta tambayarka da kyau. Ka ce ka sayi mota ta hannu wadda ta haura shekara goma, ka kula da jikinta da kujerunta har sun dawo hayyacinsu, amma duk ranar da ka ɗaga bonet sai ranka ya ɓaci, domin baƙin mai da ƙura sun haɗu sun yi dabe a jikin injin, robobi sun koɗe sun yi fari-fari, wayoyi kuma sun warwatse ko'ina. Kana son ka san ko ya dace ka kai ta a wanke da injin feshin ruwa mai ƙarfi, sannan ka bi da fenti, ka sa tiyo masu launi da murafai masu ƙyalli.

Amsata a taƙaice ita ce burinka mai kyau ne, amma ka faro shi daga ƙarshe. A shekarun da na yi ina wannan aiki, gidan injin da ya fi burge ni shi ne wanda idan ka kalle shi za ka ga kowane abu a bushe yake, yana wurinsa, kuma yana da launin da aka ƙera shi da shi. Mafi yawan wannan kyau ana samunsa ne kafin a sayi ko da kayan ado guda ɗaya. Saboda haka aikin yana da tsari: a fara tsayar da yoyo, sai wanki, sai farfaɗo da abin da ya koɗe, sai kimtsa wayoyi, sannan a zo kan fenti da ado idan har yanzu ana bukatarsu. Wanda ya birkita wannan tsari zai maimaita aikin cikin 'yan watanni, wani lokacin ma har da asarar da ta fi ƙazantar da ya so ya kawar.

Kafin ruwa ya taɓa injin, ka ɗauki tocila ka duba dattin da kansa, domin dattin nan yana ba da labari, kuma da zarar ka wanke shi labarin ya tafi. Ƙura busasshiya wadda ta kwanta daidai a ko'ina ba matsala ba ce, shekaru ne kawai. Abin dubawa shi ne inda ƙurar ta jiƙe ta yi kauri ta zama kamar kwalta. Mai yana gangarowa ƙasa, iskar fanka da ta tafiya kuma tana tura shi baya, don haka tushen yoyo yana wurin da ya fi tsayi kuma ya fi kusa da gaba a cikin yankin da ya jiƙe. A motocin da suka kai shekarun taka, wanda aka fi kamawa da laifi shi ne gasket ɗin murfin kan inji, wanda zafi ke busar da shi har ya taurare ya daina riƙe mai. Bayansa akwai tiyon man sitiyari, da robar da ke bakin sandunan da ke juya bel, da mazaunin filtar mai. Idan ka ga wani gari fari, ko kore, ko ruwan hoda ya daskare a bakin tiyo ko a gefen lagireto, wannan ruwan sanyaya inji ne ya ɗiga ya bushe. Idan kuma fentin da ke ƙarƙashin tankin man birki ya kumbura ya saɓule, man birkin ne, domin nau'in DOT 3 da DOT 4 suna cin fenti cikin ɗan lokaci. Ka ɗauki hotunan duk waɗannan wurare, ka kuma ɗauki hoton gidan injin gaba ɗaya daga kusurwoyi da yawa, domin za su yi maka amfani ranar da za ka mayar da abin da ka kwance.

Na nace a kan yoyo ne saboda dalilin da ya wuce na kyan gani. Tiyon ruwa da yawancin bel na zamani da wata roba ake yin su mai suna EPDM, wadda take jure zafi da ruwa sosai amma ba ta jure man da aka samo daga ɗanyen fetur. Idan baƙin mai ya daɗe yana kwanciya a kan irin wannan tiyo, zai kumbura ya yi laushi, wata rana ya fashe a hanya. Idan man ya kai ga taimin bel, wato bel ɗin da ke daidaita lokacin motsin sassan cikin inji, haɗarin ya fi haka girma. Idan dattin ya yi yawa har ba a gane daga inda man ke fitowa, to a yi wankin farko, a yi tafiyar kwana biyu ko uku, a dawo a duba. Sabon mai zai nuna kansa a fili a kan ƙarfe mai tsafta.

Yanzu ga batun wanki, kuma shiri shi ne rabinsa. Ka bar injin ya huce har ka iya ɗora tafin hannunka a kansa ka bar shi ba tare da jin zafi ba. Ruwan sanyaya inji yana aiki ne a kusan digiri 90 zuwa 105 a ma'aunin Selshiyos, manifol ɗin hayaƙi kuwa, wato bututun da ke kwashe hayaƙi daga jikin inji, yana haura digiri 500 cikin sauƙi, kuma zuba ruwan sanyi a kan ƙarfen da ya kai wannan zafi yana iya tsaga shi. Ban da haka, sinadarin wanki yana bushewa nan take a kan ƙarfe mai zafi ya bar tabo. Sai ka cire wayar batir, ka fara da ta ɓangaren da ke da alamar ragi, domin idan sifana ta taɓa jikin mota kana kwance wannan ɓangaren babu tartsatsin da zai tashi. Cire batir yana da wata fa'ida: a motoci da yawa fankar lagireto tana iya tashi da kanta ko an kashe inji, kuma hannunka zai kasance kusa da ita. Ka sani dai cewa wasu motocin za su nemi lambar sirrin rediyo bayan an mayar da batir, wasu kuma sai an sake saita gilasan ƙofa, don haka ka duba littafin motarka tukuna. Daga nan ka sa leda ka rufe altaneta, da akwatin fiyus, da ƙwaƙwalwar mota idan a gidan inji take, da bakin da iska ke shiga, da kwayil ɗin fulogi. A tsofaffin motoci a ƙara da kafireto da distiributa. Ka tabbata sandar auna mai da duk murafan tankuna a rufe suke ruf.

Ka fara da busasshen aiki. Burushi mai laushi da injin zuƙe ƙura ko na hura iska za su kwashe ganye da yashi da tarkacen da ruwa zai mayar da su taɓo. Ka kula da ramin da ke ƙasan gilashin gaba, inda hannayen waifa suke, domin akwai ƙananan hanyoyin ruwa a wurin, kuma idan ganye ya toshe su ruwan sama yana taruwa ya shiga cikin mota ko ya kai ga kayan lantarki. Idan ka tarar da sheƙar ɓera, ka duba wayoyin da ke kewaye da ita ɗaya bayan ɗaya.

A kan abin da za ka wanke da shi nake son ka fi sauraro na. Kada ka yi amfani da fetur ko kaɗan. Tururinsa yana kamawa da wuta ko a sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifili, ya fi iska nauyi, yana kwanciya a lungunan gidan inji da ƙasan mota yana jiran tartsatsi guda. Dizal da kananzir ba su kai shi saurin kamawa ba, amma suna lalata roba kamar yadda baƙin mai ke yi, suna kuma barin maiƙon da zai jawo sabuwar ƙura. Abin da ya dace shi ne sinadarin narkar da maiƙo wanda ake sirkawa da ruwa, amma a nan ma akwai tarko. Masu ƙarfi daga cikinsu suna ɗauke da soda mai ƙuna irin wadda ake haɗa sabulu da ita, kuma wannan soda tana cin alminiyam. Injin zamani kuwa kusan rabin abin da ido ke gani a cikinsa alminiyam ne: kan silinda, jikin altaneta, bututun na'urar sanyaya ɗaki, da sauransu. Sakamakon shi ne tabo fari ko toka-toka wanda ba ya fita da wanki. Ka nemi wanda aka rubuta a jikinsa cewa ba ya cutar da alminiyam, ka sirka shi yadda aka ce, ka gwada a wani lungu da ba a gani. Ka yi aikin yanki-yanki: ka fesa, ka jira minti biyu ko uku, ka cuɗa da burushi, ka ɗauraye kafin ya bushe. Inda maiƙon ya yi kauri, a kankare shi da abin kankara na roba tukuna. Zagaye uku da sinadari mai sauƙi ya fi zagaye ɗaya da mai ƙarfi, kuma burushi ne ke yin ainihin aikin. Ka shimfiɗa kwali ko tire a ƙasa domin ruwan maiƙon ya taru, kada ya bi magudanar ruwa.

Game da injin feshin ruwa mai ƙarfi da ka tambaya, ba na ba ka shawarar amfani da shi. Gaskiya ne an ƙera gidan inji ya jure ruwan sama da fantsamar ruwan hanya, kuma mahaɗan wayoyi suna da zoben roba a ciki. Amma an yi zoben ne domin ruwan da ke fantsama, kuma injin feshi yana fitar da ruwa da matsin da ya haura 100 a ma'aunin matsi na "bar", alhali famfon gida bai cika wuce 3 ko 4 ba. Wannan matsi yana tura ruwa ya ratsa zoben da ya riga ya tsufa, ruwan ya maƙale a cikin mahaɗin, kuma matsalar ba lallai ta bayyana a ranar ba. Bayan makonni, lokacin da ƙarafan ciki suka yi kore, sai fitilar gargaɗi ta kama, mai mota kuma ba zai danganta ta da wankin da ya manta da shi ba. Haka nan yana wanke giris daga cikin boris ɗin altaneta da na ƙafafun da bel ke bi, yana lanƙwasa siraran fikafikan lagireto, yana cika ramukan fulogi da ruwa har injin ya riƙa tsallen wuta. Mafi muni shi ne ruwa ya bi hanyar iska ya shiga silinda, domin ruwa ba ya matsuwa, kuma idan fistan ya taso ya same shi, sandar fistan ce za ta lanƙwashe. Tiyon gida mai sakin ruwa a hankali, ko ma gorar feshi ta hannu da tsumma, sun wadatar.

Bayan ɗauraya, ka hura iska a kowane lungu, musamman mahaɗan wayoyi da kewayen fulogi, ka goge da tsumma, ka cire ledojin gaba ɗaya, ka ƙirga su ka tabbata babu wadda ta rage a bakin iska. Ka bar bonet a buɗe na awa ɗaya ko biyu, sannan ka mayar da batir, wannan karon wayar ragi ce ta ƙarshe. Ka tayar da injin ya yi minti goma sha biyar domin zafinsa ya ƙarasa busar da sauran laima.

Batir yana da nasa aikin daban. Garin nan fari ko shuɗi-shuɗi da ke taruwa a kansa ya samo asali ne daga asid ɗin da ke ciki, kuma ruwa kaɗai ba ya kashe shi. A kaɗa bekin soda cokali ɗaya a kofin ruwa, a shafa da tsohon burushin haƙori, za ka ga yana kumfa, a ci gaba har kumfar ta daina. Kada ruwan ya shiga cikin ramukan batir ɗin, domin zai raunana asid ɗin da batir ke aiki da shi, kuma ka sa safar hannu da tabarau. Idan za ka iya, ka fitar da batir ɗin ka duba tiren da yake zaune a kai, domin a nan tsatsa ta fi ɓuya a duk gidan inji. Bayan an ɗaure kawunan da kyau, a shafa musu ɗan giris kaɗan a waje. Batir mai tsafta, da maɗaurinsa na asali a ɗaure, yana canza kamannin gidan inji fiye da yadda mutane ke zato.

Da zarar komai ya bushe za ka ga robobin sun ƙara nuna koɗewarsu, domin maiƙon da ke ɓoye su ya tafi. A nan ne mutane da yawa suke shafa baƙin mai ko man ƙyallin taya, injin ya yi sheƙi na kwana biyu, sannan ƙura ta manne ya fi da muni. Ka nemi man kare roba wanda tushensa ruwa ne, mai barin baƙi mai laushi maras sheƙi, irin kamannin sabuwar roba. Ka zuba shi a kan tsumma ko soso ka shafa da hannu, ka goge rarar. Dalilin da ya sa na hana fesawa kai tsaye shi ne yawancin waɗannan mayuka suna da silikon, kuma idan inji ya zuƙi silikon yana ɓata sensar da ke auna iskar da ke shiga da kuma sensar iskar oksijin da ke jikin salansa. Kada ko ɗigo ya taɓa bel, domin zai riƙa zamewa yana ƙara. Akwai kuma robobin da mai ba zai cece su ba. Tankin ruwan sanyaya inji da ya yi rawaya har ba a ganin matakin ruwa a ciki, gara a canza shi da sabo, kuma sabon tanki fari tas yana daga cikin abubuwan da suka fi haskaka gidan inji. Idan kan lagireto na roba ya tashi daga baƙi ya koma ruwan ƙasa, wannan alama ce cewa robar ta gaji tana dab da tsagewa, kada a ɓoye ta da mai, a shirya canza lagireton.

Alminiyam da ya yi fari-fari ana goge shi da burushin nailan ko soson gogewa maras ƙarfe, tare da man goge ƙarfe. Kada a sa soson ƙarfe ko burushin waya na baƙin ƙarfe, domin suna barin ƙananan ɓurɓushi a cikin alminiyam ɗin, su yi tsatsa daga baya su bar ɗigo-ɗigo ja. Ƙananan maɗaurai na baƙin ƙarfe da suka yi tsatsa kuwa a kwance su, a goge da sanfefa, a shafa maganin tsatsa, a fesa fentin share fage sannan baƙin fenti mai matsakaicin sheƙi.

Kimtsa wayoyi aiki ne da ba ya bukatar kayan tsada amma yana bukatar haƙuri, kuma a tsohuwar mota shi ne ke raba gidan injin da aka kula da shi da wanda aka wanke kawai. Yawancin hargitsin da kake gani ba daga kamfani ya zo ba, ya taru ne daga hannun waɗanda suka ƙara fitila ko ƙaho ko na'urar ƙararrawa suka bar wayoyi suna lilo. Ka bi kowace irin wannan waya ka ga inda ta fito da inda ta nufa. Wadda ba ta aiki a cire ta daga tushe, wadda ke aiki a tabbata tana da fiyus kusa da batir, a bi da ita ta hanyar da damin wayoyin asali ya bi. Inda rigar wayoyi ta farfashe, a sa sabuwa baƙa mai jure zafi, a naɗe da salatif na ƙyalle da aka yi domin gidan inji, domin salatif ɗin lantarki na gida gam ɗinsa yana narkewa da zafi ya warware ya bar danƙo. A mayar da ƙananan maƙalai na roba da suka karye, kada a ɗaure waya a jikin bututun fetur ko kusa da manifol, kuma a bar ɗan sassauci a duk wayar da ta tashi daga jikin mota zuwa inji, saboda inji yana motsi a kan mazauninsa. Akwai masu ɓoye wayoyi gaba ɗaya a cikin fikafikan mota domin gidan inji ya zama fayau. Yana da kyan gani a motar baje koli, amma yana bukatar yanke wayoyi da yawa a ƙara musu tsawo, kowane haɗi kuma wuri ne da matsala za ta iya ɓullowa, don haka ba na son sa a motar da ake hawa kullum.

To, idan an kai nan kuma har yanzu kana son launi, ra'ayina shi ne ka zaɓi abu ɗaya ka ba shi launi, sauran ka bar su baƙi da ruwan ƙarfe. Wurin da ya fi dacewa shi ne murfin kan inji, kuma wannan al'ada ce mai tarihi a ƙirar motoci. Sunan motar tsere ta Ferrari 250 Testa Rossa ta 1957 yana nufin jan kai da harshen Italiyanci, saboda jan fentin da ke kan murafan injinta, kuma Honda ta bi irin wannan salo da jan murfi mai yamutsattsen fenti a injinan motocinta na Type R. A Amurka an daɗe ana gane injin Chevrolet da ruwan lemo, na Ford kuma da shuɗi. Abin lura a duk waɗannan shi ne launi ɗaya ne a wuri ɗaya. Fentin da za a sa dole ya dace da zafin wurin: fentin inji na gwangwani yawanci yana jure kusan digiri 260, wanda ya isa ga murfin kai da jikin inji, amma manifol ɗin hayaƙi sai fenti na musamman da ake rubuta masa har sama da digiri 1,000, wanda kuma sai an gasa shi a matakai kamar yadda aka bayyana a jikin gwangwanin kafin ya kama. A kwance abin da za a fenta daga jikin mota, a wanke maiƙo sarai, a goge da sanfefa, a fesa siraran shafi uku maimakon mai kauri ɗaya. Kada fenti ya hau inda gasket ke zama, ko cikin ramin noti, ko wuraren da wayar ƙasa ke haɗuwa da jikin mota, domin fenti a nan yana hana wuta wucewa. Wajen mayar da murfin a sa sabon gasket, a ɗaure notunan daidai da ƙarfin da littafin motar ya faɗa, wanda a injuna da yawa bai wuce kusan 10 a ma'aunin ƙarfin ɗaure noti (Nm) ba, ƙarfin da ya yi ƙasa da abin da hannu ke so ya yi.

Akwai fentin gari da ake fesawa da lantarki a gasa a tanda a kusan digiri 180 zuwa 200, kuma ya fi na gwangwani ƙarko nesa ba kusa ba. Sai dai kafin a yi shi akan bugi ƙarfen da yashi domin cire tsohon fenti, kuma a nan na taɓa ganin asarar da har yau take damuna. An kawo mini wata mota da injinta ya fara ƙwanƙwasa 'yan kwanaki bayan an yi wa murfin kanta irin wannan fenti. Aikin ya yi kyau ƙwarai daga waje. Da muka buɗe, sai muka tarar da yashi a cikin kaskon mai da kuma jikin metal, wato siraran ƙarafan da sandar inji ke juyawa a kansu, duk ya kakkarce su. A cikin murfin akwai wani faranti da aka manne domin raba mai da tururi, yashin ya shige bayansa, wanki bai fitar da shi ba, sai da mai mai zafi ya zo ya kwashe shi ya zagaya da shi cikin injin. Garin neman gira aka rasa ido. Idan za ka kai murfi ko manifol ɗin iska a yi masa wannan aiki, ka tabbata an cire farantin an wanke bayansa, ko kuma a cire tsohon fentin da sinadari ba da yashi ba.

Sauran kayan adon da ka ambata, da makamantansu, kowanne yana da abin lura. Tiyon silikon masu launi suna jure zafi sosai, amma tururin ruwa yana ratsa su fiye da yadda yake ratsa robar EPDM, don haka za ka riƙa ƙara ruwa lokaci-lokaci, kuma ba su dace da hanyar mai ko fetur ba sai waɗanda aka yi wa shafi na musamman a ciki. Notuna marasa tsatsa masu ƙyalli suna da kyau a kan murafai da ƙananan maɗaurai, amma wanda aka fi samu mai alamar A2-70 bai kai ƙarfin notin da aka buga wa lambar ƙarfi 8.8 ba, balle 10.9, saboda haka kada ya maye gurbin notin mazaunin inji ko na wani abin da ke ɗaukar nauyi, kuma idan zai shiga alminiyam a shafa masa man hana kamewa. Buɗaɗɗen matacin iska mai siffar mazurari yana ba da kyan gani da ƙara, amma idan aka cire akwatin asali ba a yi masa shinge ba zai riƙa zuƙar iskar gidan inji mai zafi, kuma duk ƙarin digiri 10 yana rage kaurin iska da kusan kashi 3 cikin ɗari, wato ƙarfin injin raguwa zai yi. Ƙyallen da ake naɗe bututun hayaƙi da shi yana riƙe laima ya jawo tsatsa, idan kuma mai ya jiƙa shi yana iya kamawa da wuta. Bargon da ke manne a cikin bonet, idan ya yage ya yi lilo, a canza shi maimakon a cire a bar wurin haka, domin yana rage ƙara yana kuma kare fentin bonet daga zafi.

Akwai abubuwan da ba a taɓawa ko kaɗan. Idan motarka mai haɗa fetur da lantarki ce, wayoyin da ke da riga ruwan lemo suna ɗauke da wuta mai kisa, ƙarfin wutar batirin Toyota Prius samfuri na biyu ma ya haura volt 200, don haka ba a kwance su, ba a jiƙa mahaɗansu, ba a kuma canza musu launi. Bututun na'urar sanyaya ɗaki suna cike da gas mai matsi ko inji a kashe yake. Lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, da takardun da ke nuna hanyar bel da nau'in gas da na mai, a rufe su yayin fenti, a kuma kiyaye su daga sinadari mai ƙarfi, domin bakanike da mai saye na gaba duk za su neme su. Ruwan sanyaya inji da ya zube a share shi nan take, saboda yana da ɗan zaƙi kuma guba ne ga yara da dabbobi.

Idan ka kammala wannan babban aiki sau ɗaya, ba sai ka sake shi nan kusa ba. Duk lokacin da ka wanke motar, ka ɗaga bonet bayan injin ya huce, ka goge saman robobi da gefen fikafikai da ɗanyen tsumma, ka kwashe ganyen da ya taru a ƙasan gilashi, aikin minti biyar ne. Ranar canjin mai ka roƙi wanda zai zuba ya sa mazurari ya kuma goge abin da ya ɗiga. Man kare roba a sabunta shi bayan wata uku ko huɗu, wanki da ruwa kuma sau ɗaya a shekara ya isa ga motar da ba ta yoyo. Idan ka ga wani wuri ya sake jiƙewa da mai a tsakanin nan, ka bi shi zuwa sama da tocila a ranar, tun ɗigon bai bazu ya ɓoye tushensa ba.